Dattijo da Babur Mai Ƙafa Uku

A wannan mako filin namu zai yada zango a Minna, babban birnin Jihar Neja, a kan wata magana da ta fara yawa a majalisun dattawa, a ƙofar masallaci bayan La'asar da kuma wurin da 'yan fansho ke taruwa. Maganar kuwa ita ce ta mutumin da ya hau babur da ƙuruciyarsa, ya ajiye shi shekara talatin ko arba'in, yanzu ga shi yana so ya koma hawa, amma gwiwa da ƙugu sun ce ba su amince da ƙafa biyu ba, don haka ya soma tunanin sayen mai ƙafa uku. Wasu na ganin abin dariya ne. Mu dai a ganinmu magana ce babba, domin a cikinta akwai lafiyar mutum, da ɗan abin da ya tara na garatuti, da kuma 'yancinsa na fita daga gida ba sai ya jira wani ba.

Kafin mu shiga zaɓe, ya kamata matasan da ke karanta wannan fili su san ko su wane ne waɗannan dattawa. A farkon shekarar 1975 ne aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji tare da ariyas na watanni, sai ga malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da na gona sun cika kantunan babura. Wani ya sayi Honda, wani Suzuki, wani Yamaha, amma wanda yake so a san shi ɗan gaye ne sai ya sayi Vespa, wadda mutanenmu suke kira Basfa. Bayan shekara guda, ran 3 ga Fabrairu 1976, aka ƙirƙiro Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, aka mai da Minna hedkwata, ma'aikata suka yi ta tahowa daga Sakkwato da Bida da Kwantagora. Garin a lokacin bai wuce tashar jirgin ƙasa da 'yan unguwannin da ke kewaye da ita ba, kamar su Limawa da Kwangila da Keteren Gwari, mutum yana iya ratsa shi a kan Basfa ba tare da ya taka birki sau uku ba. Saurayin da yake da shekara ashirin da biyar a wancan lokaci, yau ya haura saba'in.

Daga baya yawancinsu sun sayi mota, babur ya koma bayan ɗaki, ko aka bai wa ƙane. Abin da ya dawo da maganarsa shi ne tsadar rayuwa. Tun daga ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan. Ɗan fansho da yawa ya jingine motarsa a ƙarƙashin bishiya har tayoyi suka sace. Ga shi kuwa hidimomi ba su ragu ba: akwai Juma'a, akwai jana'iza da ɗaurin aure, akwai cefane a Kasuwar Kure, akwai ganin likita, ga ɗan gona a wajen Maikunkele ko ta hanyar Paiko. Tsayuwa a bakin titi cikin zafin watan Maris ana jiran abin hawa ba ƙaramin aiki ba ne ga mai shekara saba'in.

ABIN DA ƘAFA TA UKU KE BAYARWA

Amfanin ƙafa ta uku guda ɗaya ne, amma babba ne. Babur mai ƙafa biyu ba ya tsayuwa da kansa, mahayi ne ke riƙe shi da ƙafarsa duk sa'ad da aka tsaya. Tsohuwar Basfa takan kai kilo 100, in aka ɗora fasinja da kaya nauyin ya ninka. Yawan faɗuwar da dattawa ke yi a kan babur ba a cikin gudu take faruwa ba. Takan zo ne wajen tsayawa, ko wajen juyawa a lungu, ko sa'ad da aka sa ƙafa ƙasa aka taka yashi ko tsakuwa ta zame. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kaɗe rigarsa ya yi dariya, ita ce za ta karya wa tsoho ƙashin ƙugu, karayar ƙugu kuwa a wannan shekaru takan kwantar da mutum wata da watanni, wani ma ba ya sake miƙewa kamar da. Mai ƙafa uku ya ɗauke wannan nauyi. Ka tsaya a cunkoson shataletalen Mobil ƙafafunka na sama, abin hawa na tsaye da kansa.

To, amma ba a samun alheri kyauta. Abin da yawancin masu sha'awar ba su sani ba shi ne, ƙafar nan ta uku da ta hana faɗuwa a tsaye, ita ce ke kawo kifewa a kwana. Mai babur in zai sha kwana kwantawa yake yi, shi da babur su karkata tare zuwa cikin kwanar, kuma jikinsa ya saba da haka har ba ya tunani a kai. Mai ƙafa uku irin wanda aka saba gani ba ya kwantawa. Da hannu ake juya kansa kamar yadda ake juya sitiyarin mota, nauyinsa kuma waje yake tafiya. Da yake ƙafa ɗaya ce a gaba, in aka shiga kwana da gudu, ko aka taka birki da ƙarfi a tsakiyarta, nauyin sai ya taru a kusurwar gaba ta waje, inda babu ƙafar da za ta tare shi. Nan take tayar baya ta ciki za ta ɗaga, in ba a yi sa'a ba sai a ga keke kwance a gefensa. Kowa ya daɗe a Minna ya ga irin wannan a shataletale. Ko a Amurka, a shekarar 1988 sai da aka dakatar da sayar da sababbin baburan daji masu ƙafa uku saboda yawan kifewarsu da mutane.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, tsohon gwani ya fi sabon shiga zama cikin hatsari a makon farko. Yaron da bai taɓa hawan komai ba koyo kawai zai yi. Dattijon da ya shekara goma sha biyar a kan Basfa kuwa sai ya fara kwance abin da jikinsa ya haddace. Zai kwanta a kwana yana jiran keke ya bi shi, keke ya miƙe zuwa kwata. Zai sauko da ƙafa wajen tsayawa kamar yadda ya saba, alhali tayar baya na tafe tana iya take masa ita. Zai hangi rami ya kauce masa da tayar gaba, ya manta akwai biyu a baya. Babur sawu ɗaya yake bari a ƙasa, mota biyu, shi kuwa mai ƙafa uku sawu uku ne, saboda haka da wuya ya tsallake rami ba tare da ɗaya daga cikin ƙafafunsa ta faɗa ba. In kuma titi ya gangara gefe, kamar yadda ake yin kwalta don ruwa ya zurare, keken zai riƙa jan hannu zuwa gangaren, sai an riƙe shi.

IRI HUƊU NE A KASUWA

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, wato keken haya. Asalinsa da Basfa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fito da Vespa a 1946, bayan shekara biyu kuma, a 1948, ya ɗauki gabanta ya haɗa mata ƙafa biyu a baya da wurin kaya, ya sa wa abin suna Ape. Kamfanin Bajaj na Indiya ya yi shekaru yana ƙera su da izinin Piaggio kafin ya ci gaba da nasa. A Nijeriya an fara saninsa sosai a Ikko zamanin Gwamna Buba Marwa, har ake ce masa Keke Marwa. Daga baya shirin rage talauci na Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 2001 ya ba shi sunan Keke NAPEP, Kanawa kuma suka sa masa A Daidaita Sahu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A Minna ya yawaita ne bayan an hana kabu-kabu a cikin gari a farkon 2014, zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu.

Ga tsohon mahayin Basfa, wannan keke yana da abubuwan da za su faranta masa rai. Giyarsa da kulocinsa a hannun hagu suke, ana matsewa a murɗa, birki kuma a ƙafar dama, daidai yadda ya bar su shekara arba'in da suka wuce. Yana da giya huɗu da ribas, wato ba sai an sauka an tura shi baya ba. Yana da rumfa mai kare rana da ruwan sama, ga wurin zaman uwargida da jikoki, ga wurin buhun masara ko doya. Mafi muhimmanci, babu unguwar da za ka je a Minna, daga Bosso har Chanchaga, ka rasa bakaniken Bajaj ko TVS da mai sayar da kayan gyaransu. Aibinsa shi ne nauyi, don yakan haura kilo 300, kansa kuma yana da tauri ga wanda kafaɗarsa ko wuyan hannunsa ke ciwo, ga shi kulocin yana son yatsu masu ƙarfi. Faɗinsa ya fi mita ɗaya, sai a auna ƙofar zaure tun kafin a biya kuɗi. Akwai kuma ɗan'uwansa na ɗaukar kaya, wanda Kanawa ke kira kurkura. Wannan na aikin gona da dako ne, bai dace da mai neman sauƙin jiki ba.

Na biyu shi ne ƙaramin babur da masu walda ke ƙara wa ƙafafu a baya, irin wanda 'yan'uwanmu masu lalurar ƙafa suka daɗe suna hawa a garuruwan Arewa. Ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, ba ya shan mai, yawancinsu kuma ba su da kulocin hannu. Sai dai ingancinsa yana hannun wanda ya haɗa shi. Kamfanin da ya ƙera babur ɗin bai yi shi don ya ɗauki wannan ƙarfe ba. Mai saye ya duba walda da idonsa, ya ga ko ƙafafun biyu sun yi daidai da juna, ya tambaya ko birki yana kama su duka ko kuwa ɗaya kawai, domin birkin da ke kama gefe ɗaya juyar da abin hawa yake yi. Ya kuma nemi wanda ya shekara yana hawan aikin wannan mai walda ya ji daga bakinsa. Araha dai ba ta ado.

Na uku shi ne wanda yaranmu ke nuna wa iyayensu a waya, mai ƙafa biyu a gaba, ɗaya a baya. Piaggio ya fito da nasa mai suna MP3 a 2006, Yamaha kuma ya fito da Tricity a 2014. Waɗannan suna kwantawa a kwana kamar babur na sosai, tayoyin gaba biyu suna ƙara riƙe ƙasa, don haka tsohon mahayi ba ya buƙatar sake koyon shan kwana. Amma a kula, da yake suna kwantawa, suna kuma iya faɗuwa. Wasu irin MP3 suna da maɓallin da ke kulle su a tsaye in an zo tsayawa, ƙaramin Tricity kuwa sai an sa ƙafa ƙasa kamar kowane babur. Nauyin MP3 ya wuce kilo 200, wato fiye da Basfa biyu, in ya kwanta dattijo ba zai ta da shi shi kaɗai ba. Ga tsada, ga ƙarancin kayan gyara a ƙasar nan. An yi su ne don santsin kwaltar Turai da Japan. Wanda ya saya, ran da wani ɗan ƙarfe ya lalace a gabansa yana iya yin wata uku yana jiran saƙo daga ƙasar waje.

Na huɗu shi ne ƙaramin mai aiki da batir. Ba giya, ba kuloci, ba ƙara, ba kuɗin fetur, murɗa hannu kawai ake yi. Ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce masallaci da kasuwar unguwa ba, yana da daɗin sha'ani. Matsalarsa biyu ce. Batir yana gajiya, zafi kuma yana rage masa kwana, sauya shi kuwa yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin abin hawan. Ta biyu ita ce caji. Ko da yake madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru duk a jihar nan suke, mutumin Minna ya san ba kullum ake kwana da wuta ba. Wanda ba shi da hasken rana a gidansa ya yi lissafi da kyau.

JIKI KAFIN KASUWA

Duk wannan bayani na ƙarfe ne, kuma ƙarfen ba shi ne farkon abin dubawa ba. Ƙafa ta uku maganin gwiwa ce da raunin tsayuwa. Ba ta maganin ido, ba ta maganin kunne, ba ta ƙara wa hannu saurin kai wa birki. Kafin dattijo ya je wurin dillali, ya fara zuwa asibiti, ko Babban Asibitin Minna ko wani wanda ya saba da shi, a auna masa ido. Yanar ido tana sa hasken fitilar mota ya dallare mutum da dare, ita kuwa ana cire ta da aiki, gani ya dawo. Hawan jinin ido ya fi ta mugunta, domin ta gefe yake fara cin gani, mutum yana karanta jarida lafiya lau amma bai ga yaron da ya fito daga lungu ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Mai ciwon sukari ya san cewa sukari na iya faɗuwa ba zato, jiri ya ɗebe shi a tsakiyar titi. Mai shan maganin hawan jini ko na barci ko na mura ya tambayi likita ko maganin na kawo jiri ko gyangyaɗi. Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi a zaune a tabarmarsa: ya waiga dama da hagu ya ga ko wuyansa na kai shi ganin abin da ke bayan kafaɗarsa. In ba ya kaiwa, to, madubi biyu masu kyau sun zama wajibi.

In likita ya ce ido bai isa ba, to, ko ƙafa goma aka sa wa babur bai halatta a hau ba, domin ran da ke cikin hatsari ba na mahayi kaɗai ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin da za a sayi keke da shi ya isa a yi yarjejeniya da wani yaro mai keke amintacce a unguwa, ya riƙa zuwa ɗauka a ranakun da aka tsayar.

Wanda jikinsa ya ci jarrabawa kuma, sai ya tuna cewa titin da ya bari ba shi zai tarar ba. Hanyar Suleja da ta Bida yanzu na tirela da tanka ne, iskar wucewarsu kaɗai tana girgiza keke, mai ƙafa uku kuma ba shi da saurin da zai tsere musu, ba shi da sirantar da zai raɓe a gefe kamar babur. Kpakungu da safe ko da yamma wuri ne da ko matashi sai ya tattara hankalinsa. Saboda haka a fara koyo a fili, a filin makaranta ranar da ba karatu ko a filin Idi, tare da wanda ya iya. A yi ta shan kwana dama da hagu a hankali, a koyi rage gudu tun kafin kwana, a koyi ribas, a koyi tsayawa ƙafafu na sama. Bayan mako biyu a shiga lungunan unguwa, sannan babban titi da hantsi sa'ad da cunkoso ya lafa. Tafiyar dare da ta cikin ruwan sama a bar wa yara. Dattawan da suka fara hawa kafin ran 2 ga Afrilu 1972, ranar da ƙasar nan ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, sun taɓa sauya abin da jikinsu ya saba sau ɗaya, sun kuma san cewa da sannu aka yi shi.

Sai maganar hukuma. Lasin da aka karɓa a 1977 ya daɗe da mutuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ma ba a kafa ta ba sai a 1988. A sabunta lasin, a yi wa abin hawa rajista da lamba da inshora, a gaya wa jami'an rajista cewa na hawan kai ne, a kuma tambaye su fentin da ya kamata a guje wa don kada a ɗauke shi ɗan haya, 'yan ƙungiya su riƙa tare shi suna neman kuɗin tikiti. Dokokin babura a Minna sun sha sauyawa. Bayan hanin 2014 an sake hana kabu-kabu a 2021 saboda matsalar tsaro, har aka ƙayyade wa masu babur na kansu lokutan fita. Don haka a tambayi dokar da ke aiki a ranar da za a saya. Wanda ya zaɓi irin da ba shi da rumfa ya sayi hular kwano ta gaske, ya riƙa sa hular sallarsa a aljihu har ya isa. Babbar riga kuma a naɗe ta a zauna a kai, kada bakinta ya shiga taya.

KUNYA DA 'YA'YA

Saura abu guda wanda ba a faɗa a majalisa, shi ne kunya. Mutumin da ya yi ritaya yana babban sakatare ko shugaban makaranta yana jin nauyin a gan shi a cikin abin da yaran unguwa ke haya da shi, ko a kan irin babur ɗin da aka san masu lalura da shi. Wannan kunya ce ke sa wasu su sayi babban babur mai ƙafa biyu wanda ya fi ƙarfinsu, don a ce har yanzu da sauransu. Mu dai ba mu ga abin kunya ba ga dattijon da ya kai kansa masallaci da abin hawan da ya saya da guminsa. Sanda ma ƙafa ta uku ce, ba mu kuwa taɓa jin an raina tsoho don ya dogara ta ba.

Ku kuma 'ya'ya, mun san tsoro ne ke sa ku ce Baba ya zauna a gida, duk abin da yake so za a kawo masa. Amma ku sani zaman gida shi ma ciwo ne. Mutumin da ya saba gai da marasa lafiya da raka gawa da zama cikin tsararrakinsa, in aka tsare shi a zaure yana jiran sai wani ya sami sukuni, tsufa kan rufe shi da wuri. Maimakon ɓoye makulli, ku raka shi wurin likitan ido, ku raka shi wurin dillali, ku tsaya a fili yana koyo. Ku kuma yi alkawari da shi tun yanzu, cikin ladabi, cewa duk shekara za a koma awon ido, ran da likita ya ce ya isa, to, ya isa.

In aka tambaye mu ra'ayinmu a taƙaice, ga mafi yawan dattawan Minna da hannunsu ke da ƙarfi, keken da aka saba da shi ya fi, saboda bakanike na kusa kuma in an gaji da shi ba a rasa mai saye. Mai ɗan zirga-zirgar unguwa ya duba ƙaramin da aka ƙara wa ƙafa ko mai batir. Mai kwantawa a kwana kuwa sai wanda ƙafarsa ke da sauran ƙarfi, aljihunsa ma haka. Kowanne aka zaɓa, a hau shi a gwada kafin a biya, a je da bakaniken da aka yarda da shi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.